Karanta Kunne a Cikin Ido

Akwai wani jiri da ke samun mutum a kan gadonsa. Yana kwance lafiya lau, ya mirgina ɓangaren dama, sai ɗakin ya ɗauki juyawa da shi: rufi ya gangaro, bango ya tsere, gado ya nemi kifewa. Ya damƙi katifa, ya runtse ido yana salati, kafin ya kai ƙarshe abin ya lafa, ya bar shi da gumi da tashin zuciya. Da asuba ya kai goshi ƙasa zai yi sujada, abin ya dawo. Ya ɗaga kai zai ɗauko wani abu a saman kabad, ya dawo. Daga nan sai zarya. A auna jini a ce bai hau ba, ko a ce ya ɗan hau a ɗora masa laifin. A yi gwajin taifot da maleriya, a ƙara ruwa, a rubuta ƙwayoyin jiri masu sa barci. A gida kuma wani ya ce shafar iska ce. Mutum ya koma sallah a zaune, ya tara matasan kai yana barci a jingine, yana tafiya wuya a ƙage don tsoron waiwaye.

Da yawa daga cikin masu wannan hali, maganinsu ba ya cikin kwalba. Yana hannun likitan kunne, ko likitan jijiya, ko likitan fisiyo da ya iya abu biyu: ya dubi ƙwayar ido ya gane abin da ke faruwa a lungun kunnen da babu fitilar da ke haskawa, sannan ya juya kan mutum daki-daki har abin da ya ɓace ya koma mazauninsa. Gadon duba marasa lafiya, hannu biyu, minti goma. A duk aikin asibiti ba a cika samun wanda ya kai wannan tsafta ba, inda gwajin da ya gano cutar shi ne kuma matakin farko na warkar da ita.

Gwanin ba ya fara taɓa kai sai ya gama da tambaya, kuma tambayarsa kan lokaci take.

"Baba, in ya taso, yaya daɗewarsa?"

"Ai wuni nake yi da shi, likita."

"Juyawar ɗakin kanta nake nufi, ban da kasalar da ke biyo baya."

"A'a, ita kam ba ta jimawa. In na yi shiru sai ta wuce."

Amsa ta biyun ita ake nema. Jirin da ke yin 'yan sakanni, wanda sauya matsayin kai ke tayarwa, hanyarsa daban. Wanda ke yin awoyi tare da ƙugi a kunne da raguwar ji yana nuni ga cutar da ta ci sunan Prosper Ménière, likitan Faransa da ya bayyana a 1861 cewa jiri na iya fitowa daga kunne, a zamanin da ake ɗora shi kan ƙwaƙwalwa. Wanda ya zo ya zauna kwanaki ba hutu, ko kumburin jijiyar kunne ne ko wani abu mafi hatsari. Wanda kuma ke zuwa in an miƙe tsaye, ido ya yi duhu ba tare da ɗaki ya juya ba, wannan a nemi jini: faɗuwarsa, ko ƙarancinsa, ko ƙwayar hawan jini da ta yi ƙarfi.

Fatar kunne ta waje da ramin da ke kaiwa ga dodon kunne ƙofa ce kawai. Can ciki, a binne cikin ɗaya daga cikin ƙasusuwa mafi tauri a jiki, akwai wani gini da bai fi kan ɗan yatsa ba. Sashe ɗaya na ji ne, ɗayan shi ke riƙe mutum a tsaye. A nan akwai bututu uku masu lanƙwasa, kowanne ya kusa haɗewa ya zama zobe, ɗaya a kwance, biyu a tsaye, kowanne da kusurwar da yake fuskanta, dukkansu cike da ruwa. Idan kai ya juya, bututun ya tafi tare da ƙoƙon kai, ruwan kuwa ya ɗan yi jinkiri. Jinkirin nan ya tura wani tattausan marfi da ke gindin bututun, marfin ya lanƙwasa wasu siraran gasu, su kuma su aika wa ƙwaƙwalwa labari cewa an juya, ta nan, da sauri kaza. Shi ya sa yaron da ya yi ta juyi a tsakar gida, in ya tsaya cak sai ya ga duniya na ci gaba da gudu. Shi ya tsaya, ruwan bai tsaya ba.

Kusa da bututun akwai 'yan jakunkuna biyu. Aikinsu sanin sama da ƙasa, da jin lokacin da mota ta ja ko ta taka birki. A kan shimfiɗarsu Allah ya barbaɗa dubban tsakuwoyi na sinadarin da ke cikin alli da ɓawon ƙwai, ƙanana ƙwarai, sai an jera da dama kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Nauyinsu ne ke gaya wa mutum inda ƙasa take ko da idonsa a rufe. Matsalar tana farawa ne ranar da wasunsu suka ɓalle. Tsufa na kawo haka, buguwar kai a faɗuwar babur na kawowa, doguwar jinya a kwance na kawowa, sau da yawa kuma ba a ganin dalili. Ya fi samun mata da waɗanda suka haura hamsin. Tsakuwoyin da suka ɓalle sai su faɗa cikin bututu, galibi na baya, don shi ya fi gangare. Daga nan duk sanda kai ya karkata sai su nutse su ja ruwan tare da su, kunne ya yi wa ƙwaƙwalwa ƙaryar cewa ana wulwula mutum alhali yana kwance. Da sun isa ƙasa sun zauna, ƙaryar ta ƙare. Likitoci na kiran wannan BPPV a taƙaice.

To ta ina ido ya shigo? Mai karatu ya gwada wani abu. Riƙe wannan shafi a gabanka, ka riƙa kaɗa shi dama da hagu da sauri kanka a tsaye: rubutun zai caɓe. Yanzu riƙe shafin cak, ka kaɗa kanka da irin wannan saurin: za ka iya karantawa. Bambancin shi ne kunne. Duk juyawar da kai ya yi, bututun nan na umartar tsokar ido ta juya akasin haka daidai wa daida, cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa hamsin na sakan, ba tare da an nemi shawarar mai idon ba. Saboda haka in kunne ya yi ƙarya, ido ma sai ya bi ƙaryar: ya zame a hankali zuwa gefe, ya fizgo ya dawo, ya sake zamewa, ya sake fizgowa. Wannan rawar ido ba a iya ƙirƙirarta da gangan yadda take, kuma ita ce rubutun da gwani ke karantawa.

Tattabaru ne suka fara koyar da haruffan. A shekarun 1820 Pierre Flourens a Faransa ya ga cewa in ya yanke wa tattabara bututu guda, kanta na kaɗawa ne a kan layin wannan bututun. A 1892 Richard Ewald ya zurfafa aikin a Strasbourg, ya kafa ƙa'idar da ake aiki da ita har yau: ido na motsi ne a kan kusurwar bututun da aka tsokana. Ke nan bututu shida na kunnuwa biyu, kowanne da sa hannunsa a ƙwayar ido. Sai Robert Bárány a Vienna, wanda ya lura marasa lafiyar da ake wanke wa kunne na kukan jiri in ruwan ya yi sanyi. Wata rana aka kawo ruwan da ya yi zafi, sai ya ga rawar idon ta juya ɗaya ɓangaren. Ya gane cewa sanyi da zafi na motsa ruwan bututun ne, ɗaya ya saukar ɗaya ya ɗaga, kuma da wannan ana iya gwada kowane kunne shi kaɗai. Aikin ya jawo masa kyautar Nobel ta 1914, labarin kuwa ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har yanzu ana wannan gwaji da ruwa mai zafin digiri 30 da 44.

Gwajin tsakuwar kuwa na Margaret Dix da Charles Hallpike ne, da suka bayyana shi a 1952 daga asibitin jijiya na Queen Square a Landan. A baki ba shi da wuya. Marar lafiya ya zauna a kan gado ƙafafu a miƙe. Likita ya riƙe kansa da hannu biyu, ya juya shi digiri 45 zuwa dama, wato rabin hanya tsakanin gaba da kafaɗa. Wannan juyin ba na ado ba ne, shi ke daidaita bututun baya na dama da layin da jiki zai faɗi. Sannan ya kwantar da shi rigingine da hanzari har kan ya ɗan rataya a bakin gado. Sai jira. Sakan biyu, biyar, wani lokaci goma sha biyar, babu komai, kuma a nan ne ɗan koyo ke gajiya ya tayar da mutum ya ce babu. Gwani na ci gaba da kallo. Can sai fuskar marar lafiya ta canza, ya damƙi hannun likita, ƙwayar idon ta fara fizga sama tana murɗawa wajen kunnen da ke ƙasa. Rawar ta hau, ta kai ƙololuwa, ta sauka, ta mutu kafin minti ɗaya.

Abin da ya fi wuya a nan shi ne mutumin da ke hannunka. Kana neman ka jefa shi da gangan cikin abin da ya yi makonni yana gudu, kuma a daidai lokacin da duk jikinsa ke cewa runtse ido, kana so ya buɗe. Saboda haka gwani na faɗin gaskiya tun kafin a kwanta: "Hajiya, jirin zai zo, ni zan kira shi. Ina riƙe da ke, ba za ki faɗi ba. Ki bar idonki a buɗe, ki dubi hancina." Yana tanadar roba kusa saboda amai. Yana tambayar ciwon wuya da na baya tun farko, in akwai ya sauya salo, ya kwantar da mutum ta gefe ko ya sa matashi a ƙarƙashin kafaɗa. In fatar idon ta rufe duk da haka, babban yatsansa na ɗaga ta a hankali. Murɗawar ido ba ta ganuwa sosai a baƙin tsakiya, don haka yana zaɓar wata 'yar jijiyar jini a farin idon ya bi ta da kallo.

Shekaru da dama ana iya gano cutar amma babu magani mai sauƙi a kanta. Wanda abin ya tsananta wa, har tiyatar yanke jijiyar bututun ake yi masa, da hatsarin rasa ji. Harold Schuknecht ya ce a 1969 tsakuwoyin manne suke a jikin marfin. John Epley, likitan kunne mai zaman kansa a birnin Portland na jihar Oregon a Amurka, ya dubi jinkirin nan na 'yan sakanni da kuma mutuwar rawar kafin minti ɗaya, ya ce abin da ke manne ba zai yi haka ba. Wannan halin abin da ke yawo ne cikin ruwa, yana ɗaukar lokaci kafin ya motsa, yana tsayawa in ya kai ƙasa. In kuwa yawo yake, bututun na da ƙofar fita. Ya haɗa samfurin kunne da tiyon roba da ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ya yi ta juyawa har ya gano jerin karkatarwar da ke fitar da su. Ya gabatar da dabarar a 1980, abokan sana'a suka ɗauke ta shirme, aka ƙi buga masa rubutu. Sai a 1992 ya fito, da bayanin marasa lafiya 30. A wannan shekarar ce Lorne Parnes da Joseph McClure a Kanada suka ba da rahoton cewa sun buɗe bututun baya a tiyata sun ga ɓurɓushin na yawo a ciki da idonsu. Gani ya kori ji.

Duk macen da ta iya regen shinkafa ta san asalin dabarar. Ba ta sa yatsa ta tsinci tsakuwa ɗaya-ɗaya. Karkata ƙwarya take yi, ta jira mai nauyi ya zauna, ta sake karkatawa, nauyin tsakuwar da kansa ya kai ta inda ake so. Haka likita ke yi da ƙoƙon kai, sai dai shi ba ya ganin cikin ƙwaryar.

A ce kunnen dama ne. Daga inda gwajin ya tsaya, kai a rataye yana kallon dama, a jira rawar idon ta mutu, a ƙara kamar rabin minti, don tsakuwoyin su gama taruwa. Sai a juya kan digiri 90 zuwa hagu ba tare da an ɗaga shi ba. Ɗagawar nan ita ce kuskuren da ya fi yawa: in haɓa ta matso ƙirji a tsakiyar juyin, gangaren ya ɓaci, tsakuwoyin su koma inda suka fito. A sake jira. Sai a ce wa marar lafiya ya mirgina kan kafaɗarsa ta hagu, likita na tafiya da kan har hanci ya dubi ƙasa. A nan likita kan durƙusa ya leƙo idon daga ƙasa, domin wannan ne wurin da ake samun labari. In rawar ta dawo tana fizga irin ta farko, tsakuwoyin na ci gaba da tafiya wajen ƙofa, aiki na kyau. In ta juya akasin haka, sun koma baya, sai a sake. A ƙarshe a tayar da mutum zaune a gefen gado, haɓa a ɗan sunkuye, tsakuwoyin su zube cikin jakar da suka fito, inda ba sa tayar da hankalin kowa. Gwani ba ya sakin kafaɗa a nan. Wasu kan ji kamar an wurga su ƙasa bayan sun zauna, kuma faɗuwa daga gadon asibiti ta fi jirin illa ga tsoho. Bayan ɗan hutu a maimaita gwajin. Mafi yawan mutane, a karo na ɗaya ko na biyu, za a kwantar da su a ga ido tsaye cak, su da kansu suna jiran jirin bai zo ba.

Ba kullum ake samun bututun baya ba. Wani lokaci tsakuwoyin na cikin na kwance, wani lokaci ma garin fitar da su daga na baya suke zamewa can. Rawar idon a nan gefe da gefe take, ba murɗawa, jirin ya fi tsanani, kuma tana fitowa ko an juya kai dama ko hagu. Sai an kwatanta ƙarfin ɓangarorin biyu: in idon na fizga wajen ƙasa, ɓangaren da ya fi ƙarfi shi ne mai ciwon, in yana fizga wajen sama, wanda ya fi rauni ne. Maganin ma daban, ana mirgina mutum ne zagaye guda a kwance, nesa da kunnen mai ciwo. Ga bututun baya akwai kuma salon Alain Semont na Faransa, na 1988, mai wurga jiki daga wannan gefe zuwa wancan da sauri. Wanda ya haddace jeri guda kawai zai warkar da mutane da yawa, amma ranar da ido ya faɗi abin da ba ya cikin haddarsa zai tsaya. Gwani kuwa yana ɗauke da hoton bututun shida a kansa, yana juya su a zuci yayin da hannunsa ke juya kan.

Na'urorin wannan fanni kusan duk an ƙera su ne don su ƙara wa wannan ido da wannan hannu ƙarfi. Mafi daɗewa shi ne tabarau na Hermann Frenzel na Jamus, mai gilashi mai kauri da 'yan fitilu a ciki. Yana aiki biyu: yana ƙara girman ido ga likita, yana kuma dusashe wa marar lafiya gani, domin in ido ya samu abin da zai kafe a kai yakan danne rawar ta ɓuya. Na zamani rufaffe ne ruf, mutum na cikin duhu, kyamara mai gani a duhu na ɗaukar idon tana nunawa a kwamfuta, ana iya maimaitawa a hankali a koyar da ɗalibai. Epley ya ƙera wata kujera mai suna Omniax da ke ɗaure mutum ta juya shi ta kowace fuska, Thomas Richard-Vitton na Marseille ya ƙera tasa mai suna TRV. Suna da amfani na gaske ga wanda wuyansa ba ya lanƙwasuwa, ko mai jiki sosai, ko wanda tsakuwa ta shiga masa bututu fiye da ɗaya. Amma kujera ba ta san kunnen da za ta juya ba sai an gaya mata. Abin dariya ma, Epley da kansa yakan ɗora wata na'ura mai girgiza a ƙashin bayan kunne don ta kakkaɓe tsakuwoyin, daga baya bincike bai nuna tana ƙara wani abin kirki ba. Nauyin tsakuwar da kusurwar kai sun isa.

Inda gwanintar ke ceton rai shi ne jirin da ya zo ya zauna. Mutum biyu za su shigo da kuka iri ɗaya, juyawa ba hutu, amai, rawar ido. Ɗaya kumburin jijiyar kunne ne, zai sha wuya ya warke. Ɗayan jini ne ya toshe a ƙwaƙwalwar ƙeya, irin bugun da ke shanye jiki. A 1988 Michael Halmagyi da Ian Curthoys a Sydney ta Ostireliya suka kawo gwaji mai sauƙi: marar lafiya ya kafe ido a hancin likita, likita ya fizgi kansa kaɗan zuwa gefe ba zato. In jijiyar kunnen ta raunana, idon zai tafi da kan, sannan ya yi tsalle ya dawo kan hanci. Ga inda ɗan koyo ke ruɗewa: a mai irin wannan jiri, ganin tsallen ne ke kwantar da hankali, don ya nuna kunne ne. Idon da ya tsaya lafiya lau shi ne abin tsoro. Wani bincike na 2009 da Jorge Kattah da David Newman-Toker da abokansu suka yi ya nuna cewa wannan gwaji da wasu biyu na ido, a hannun ƙwararru, sun fi hoton MRI kama irin wannan bugun a kwana biyun farko. Jiri da ya zo da gani biyu-biyu, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu, ko kasa zama ba tallafi, ko sabon ciwon kai mai tsanani, ba na juya kai ba ne, na gaggawa ne.

Amai a mota kuwa, kunnen mai shi lafiyarsa ƙalau. Fasinjan da ke bayan bas, kansa a waya, idonsa na cewa zaune muke, kunnensa na ƙirga kowace kwana da kowane rami. James Reason da Joseph Brand sun tsara wannan bayani na saɓanin gaɓoɓi a 1975, Michel Treisman kuma ya kawo hasashe a 1977 cewa ƙwaƙwalwa na ɗaukar irin wannan ruɗani a matsayin alamar guba, sai ta nemi fitar da abin da ke ciki. Direba bai cika yin amai ba, don jikinsa ya san kwanar kafin ta zo. Hujja mafi ƙarfi cewa kunne ne tushen abin ta fito daga kurame goma sha ɗaya na kwalejin Gallaudet, waɗanda hukumar NASA da sojan ruwan Amurka suka yi gwaji da su daga 1958 zuwa 1968. Kusan dukkansu sanƙarau ne ya kashe musu ji tare da sashen daidaito, cutar da ƙasar Hausa ta sani farin sani duk bazara. Wasunsu sun yi kwana 12 a ɗakin da ke juyawa sau 10 a minti ɗaya. An sa su a jirgin ruwa cikin mugun hadari a gaɓar Nova Scotia, suna karta abinsu, masu binciken kuwa amai ya kayar da su har aka dakatar da gwajin.

Kayan da ake sayarwa don wannan matsala iri-iri ne. Akwai abin hannu na roba, irin su Sea-Band, mai ɗan maɓalli da ke danna wani wuri yatsa uku ƙasa da wuyan hannu, dabarar da aka aro daga maganin gargajiyar Sin. Shaidar amfaninsa a tafiya ba ta da ƙarfi, amma ba ya cutarwa. Kamfanin motoci na Citroën ya fito a 2018 da tabarau marar gilashi mai zobba huɗu da shuɗin ruwa a ciki, ruwan na karkata da motsin mota don ido ya ga abin da kunne ke ji. A 2024 Apple ya sa wa wayoyinsa ɗigogi masu zamewa a gefen fuskar waya da wannan manufar. Tunanin da ke bayan waɗannan biyun daidai ne, sai dai kujerar gaba, da jingina kai, da kallon hanya can nesa, da mai da waya aljihu suna yin aikin kyauta. Ƙwayoyi irin su Stugeron da Avomine na aiki in an sha kafin a tashi, suna kuma sa barci, don haka ba na mai tuƙi ba ne. Magani mai ɗorewa shi ne sabo. Sojan saman Ingila na ɗora matuƙan da ke amai a kujera mai juyawa, ana ƙara musu kaɗan-kaɗan har ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar abin da zafi.

Sabon nan shi ne kuma maganin wanda jijiyar kunnensa ta lalace. Tun shekarun 1940 Terence Cawthorne da Harold Cooksey a Landan suka gano cewa masu motsa kai da ido da gangan sun fi masu kwanciya saurin miƙewa. A nan ne nake da ƙorafi kan yadda ake shan ƙwayar jiri wata da watanni. Kwana biyu ko uku na farko tana da amfani, bayan haka hana ƙwaƙwalwa koyo take yi, ga mai tsakuwa kuma ba ta matsar da ko ɗaya daga inda take. Ƙungiyar likitocin kunne ta Amurka ta faɗi haka a jagorarta ta 2008, ta sake jaddadawa a 2017: a yi gwajin kwantarwa, a juya kai, kada a ɗora mutum kan ƙwayar danne jiri, kada a tura shi hoton kai in alamun sun fito sarai. Epley ya rayu ya ga wannan, ya rasu a 2019.

Tsakuwa kan sake ɓallewa, ga mutane da yawa cikin 'yan shekaru. Wani gwaji da aka yi a Koriya ta Kudu aka buga a 2020 ya nuna cewa ga masu ƙarancin bitamin D, cike giɓin na rage yawan dawowar. Wasu likitoci kan koya wa marar lafiya yin jerin a gida, amma sai bayan an tabbatar da kunne da bututu, domin mai kwaikwayon bidiyon waya kan juya ɓangaren da ba shi ba ne. Mai neman wannan aiki a Arewa ya tambayi sashen kunne, hanci da maƙogwaro ko sashen fisiyo na asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya je da ɗan rakiya, kada ya cika ciki, ya riƙe a ransa gefen da yake mirginawa abin ya taso da tsawon juyawar kanta, ya kuma gaya wa likita in ya sha ƙwayar jiri a kwana ɗaya ko biyun da suka wuce, don takan ɓoye rawar idon da ake nema.